Boris Ukun Da Na Harba Sama

Shekarun baya can, lokacin da Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni ɗan bindiga ne a garinmu, wani ƙauye a ƙasar Taura. Ba irin 'yan bindigar da kuke ji a labarai yanzu ba. Namu na biki ne. In an yi suna, ko an kawo amarya, ko alhaji ya dawo, mu ake kira mu jeru a ƙofar gida mu yi ta harbi sama, mata na guɗa. Mu bakwai ne. Ladan aikin tuwo da nama, sai kuma a riƙa nuna ka a gari.

Ni ban yi makaranta ba, a bayan shanu na tashi. Rubutun nan ma da furfura na koye shi. Don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

Bindigoginmu ƙirar gida ne, adaka, wadda ake ɗurawa ta baki. Ƙa'idar harbin biki ɗaya ce: ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danne da sanda. Ba a sa ƙarfe. Ƙarfe na daji ne. Amma mu samari mun gano cewa in ka ɗora ƙarfe a kan albarushin, ƙarar ta fi kauri, har a ƙirji ake jin ta. Kuma duk garin an yarda da abu ɗaya, wai abin da aka harba sama ba ya dawowa. Wasu su ce narkewa yake yi, wasu su ce iska ke tafiya da shi. Haka muka ji daga manya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ga ya faɗo.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, abokina. Maƙeri ne ɗan maƙera, shi ya ƙera mini bindigata, kuma yana cikin mu bakwai ɗin. Tare muka tashi. Shi yana ce mini Fillo, ni ina ce masa Maƙeri.

Wata rana a maƙerarsa ya ce, "Fillo, ka daina zuba ƙarfe a bindigar biki."

Na ce, "Haushi kake ji tawa ta fi taka ƙara."

Ya ce, "Ni na ƙera ta, in ta fi ai ni na fi. Amma duba nan. Tun ɗazu nake zuga wutar nan, ƙarfen bai ko yi ja ba. Wace wuta ce a sama da za ta narkar da shi?"

"To ina yake zuwa?"

"Inda dutse ke zuwa in ka jefa shi."

Na ce masa hayaƙin gawayi ne ya cika masa kai. Na tafi abina.

Ƙarfen da nake sawa ba irin na kowa ba ne. Kawuna yana da injin niƙa da ya taɓa ƙonewa, aka ciro boris daga cikinsa aka zubar, ni kuma na tsince su. Manya ne, kamar 'ya'yan magarya, zafi ya mai da su baƙi-baƙi da shuɗi a gefe. Na tara su a gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona. Ba na ba kowa ko ɗaya.

A bazarar shekarar, shanunmu suka karya shinge suka shiga lambun albasar abokina a fadama, suka tattake rabinsa. Laifina ne, ni ke kiwo ranar, na kwanta a inuwa barci ya ɗauke ni. Ya same ni a kasuwar Gujungu ya yi mini magana a gaban mutane. Abin da ya kamata in ce shi ne ya yi haƙuri. Sai na yi dariya, na ce shanunmu ba su saba cin kayan miya ba. Ransa ya ɓaci. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wallahi sai ka gane kurenka. Ka jira." Mutane da yawa sun ji. Ni na san bakinsa ne kawai, amma kwana goma muka yi ba ma gaisawa.

Ana cikin haka kawuna ya dawo daga Makka. Ruwan farko ya sauka, an fara shuka. Kafin ya tafi ya sa an yi wa gidansa sabon rufin kwano, yana ta ƙyalli. Da hantsi motarsa ta shigo gari, ƙofar gida ta cika, mata kuma sun cika ɗakuna. Muka jeru mu bakwai. Ni dai, alhajin nan kawuna ne, kuma ina so in ƙure Maƙeri a gaban jama'a. Na ƙara albarushi, na zuba boris uku, na danne.

Ni na fara. Na kafa gindin bindiga a cinya, na miƙe bakinta sama sak, na ja kunama. Ƙarar da ta yi, kaji suka watse, wani jaki ya tsinke igiya. Na juyo wajen jama'a ina gyara hula, ina jiran a yabe ni. Abokina yana bayana da taku kaɗan, shi ne na biyu. Ya ɗan ɓata lokaci yana gyara tsayuwa, sannan ya harba. Ƙarar tasa na tashi, na ji kamar an sauke mini taɓarya a kafaɗar hagu. Na faɗi.

Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Motar da ta kawo alhaji ita ta ɗauke ni. A ƙaramin asibiti suka ce abin ya fi ƙarfinsu, aka bi da ni ta Jahun zuwa Dutse. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, jini ya zuba da yawa, daga baya zazzaɓi ya rufe ni. An ce kwana tara na yi ban san wanda ke kaina ba. Har an fara maganar inda za a binne ni, a Dutse ko a gida.

Da na farfaɗo, mahaifiyata na zaune a tabarma gefen gado. Inna muke ce mata. Yayana kuma, wanda muke kira Hamma, yana tsaye.

Hamma ya ce, "Maƙerin yana hannun hukuma. Ranar Alhamis alƙali zai zauna a Taura. Kowa ya gani, ya harba ka faɗi. Kowa ya ji abin da ya ce a Gujungu. Daga nan babbar kotu za a tura shi, sai ya tsufa a gidan yari."

Na ce, "Iyalinsa fa?"

"Matar ta kwashe yara ta tafi gidansu, tun da yaranmu suka fara maganar sa wuta. An rufe maƙerar. Ni na hana a ƙona, na ce a bar wa shari'a."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda shi ne. Na kwanta ina ta zaginsa a zuci.

Washegari likitan da ya yi mini aiki ya zo zagaye. Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu ya ajiye mini a ƙirji. Ya ce, "Ga baƙonka. Amma ina da tambaya. Ta sama ya shiga, ya gangara ƙasa. Mai harbin a kan bishiya yake?"

Na ɗaga kwalbar da hannun dama. Boris ne, girman ɗan magarya, baƙi-baƙi da shuɗi a gefe. Duk ƙasarmu ba mai irinsa sai ni.

Na bar likita ya wuce. Kwana biyu na yi da kwalbar a ƙarƙashin matashi, ban faɗa wa kowa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin, ya fi harbin kansa. Tunani nake yi. Mutumin da ya harbi kansa da kansa a gaban garinsu, yana gyara hula yana jiran guɗa, ina zai sa kansa? Na san mata sai sun sa ni a waƙar daka. Ga Hamma ya riga ya rantse a gaban jama'a cewa Maƙeri ne. In na yi shiru, ni ne wanda aka zalunta, kowa na tausayina. In na yi magana, ni ne wawan gari har in mutu.

Ranar Laraba Inna na gyara mini matashi, kwalbar ta faɗo. Ta ɗauka ta girgiza, ta daɗe tana kallo. Ita ke share mini ɗaki tun ban yi aure ba.

Ta ce, "Wannan yana da 'yan'uwa a ƙarƙashin gadonka."

Na juya fuskata wajen bango.

Ta mayar da kwalbar inda take. Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Amma uwar Maƙeri ita ta yanke maka cibiya." Ta ɗauki buta ta fita alwala.

Inna ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba a kan laifina. Kafin ta dawo na sa aka kira likita. Na ce gobe zan tafi. Ya ce ban isa tafiya ba, ɗinkin zai iya buɗewa. Na gaya masa dalili. Ya kalle ni, ya zauna ya rubuta takarda a kan yadda ƙarfen ya shiga, ya sa na dangwala yatsa cewa ni na ce a sallame ni, ya ƙara ɗaure mini hannu a ƙirji.

Da sassafe muka shiga mota. Duk ramin da ta faɗa sai na ji shi a ƙashina. Mun isa Taura an riga an zauna. Rabin garinmu na ciki, sauran na leƙe ta taga. Abokina na tsaye a gaba, ya rame, rigar da ya sa ranar bikin ce a jikinsa har yanzu, da baƙin albarushi a hannunta. Bai kalle ni ba.

Alƙali ya ce, "Kai ne wanda aka harba?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ka san wanda ya harbe ka?"

"Na sani. Ni ne."

Kotu ta ɗauki surutu. Hamma ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, zazzaɓi ne. Ya taɓa masa kai."

Alƙali ya ce masa ya zauna. Na ajiye kwalba da takardar likita, na faɗi komai, daga injin niƙa har gyaran hula. Wasu suka fara dariya a baya. Shugabanmu na 'yan bindiga, dattijo ne da aka kawo shaida, ya ce, "Allah gafarta Malam, tun ina saurayi nake harbi sama, ban taɓa ganin abin da ya dawo ba. Yaron nan abokinsa yake son ya fitar."

Alƙali ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka ji. Ƙarya a nan laifi ce, ko da ta taimako ce. Boris nawa ka zuba?"

"Uku."

"Ga ɗaya. Ina biyu?"

Na tsaya kafaɗa na zogi, ina ganin abin zai lalace a hannuna. Sai kawuna alhaji, da ke zaune a benci na gaba, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba ko wannan ya shafi maganar. Ɗakin uwargidana yana yoyo tun ruwan da aka yi bayan dawowata. Sabon kwano ne. Har na kira kafinta na yi masa tas, yana ta rantsuwa ba aikinsa ba ne."

Alƙali ya rufe littafinsa. Ya haɗa mu da masinjan kotu da ɗan sanda, ya ce a je a duba yanzu.

Kafin la'asar muna gida. Aka kafa tsani, masinja ya hau rufin, gari ya taru a ƙasa. Ya ɗan yi rarrafe a kan kwanon, sai ya tsaya. Ya ce akwai huda, zagayayya, kuma bakinta ciki ya lanƙwasa, ba waje ba. Aka shiga ɗakin. Hasken rana na zubowa ta hudar kamar zare, ya sauka daidai kan jeren kwanukan uwargidan. Murfin wata kwalla ta sama ya lotsa. Aka janye jeren, ga boris a ƙasa jikin bango, ya yi ƙura.

Aka aika gidanmu aka ɗauko gwangwanin madara. Masinja ya jera na kwalba, da na ɗaki, da ɗaya daga gwangwani a tafin hannunsa, ya zagaya yana nuna wa mutane. Ba mai iya bambance su. Dattijon namu ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ɗaga kai ya kalli sama.

Uwargidan kawu ce ta ƙarasa ni. Ta ce, "Mun ji ƙarar a ranar, muka ɗauka ta bindiga ce. A nan Innarku ta zauna, ta jingina da jeren nan." Ta nuna wurin da ƙafa. Tsakaninsa da inda ƙarfen ya sauka bai kai kamu ɗaya ba.

Hamma ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ni kuma na fita waje na yi amai.

Washegari aka sallami abokina. Alƙali ya yi mini faɗa sosai, ya ce kafaɗar ta ishe ni hukunci, amma bindigata ta zauna a hannun hukuma. Ban ji zafin rabuwa da ita ba. A ƙofar kotu muka haɗu da Maƙeri, muka tsaya muna kallon juna.

Ya ce, "Fillo."

Na ce, "Maƙeri."

"Duk faɗin saman nan, ka rasa inda za ka saita sai kanka."

"Ai ka san ba na kuskure."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ya rufe fuska da hannun riga. Na ce masa ya yafe mini albasa, ya yafe mini kwana biyun da na yi shiru, don na gaya masa har wannan. Ya ce ta albasa zai yi tunani.

Hamma da kansa ya je ya dawo da matar Maƙeri da yaran. Ranar da aka buɗe maƙera, shi ya zauna yana zuga wuta tun safe har azahar, mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba a garin. Mu kuma muka gyara shingen lambu.

Bayan sati biyu dagaci ya tara gari a ƙofar masallaci. Ya ce in yi magana. Ni ba mai magana ba ne. Na buɗe riga na nuna ɗinkin, na ce, "Ranka ya daɗe, yana dawowa." Shi ke nan jawabina. A nan aka yanke cewa ba wanda zai ƙara sa ƙarfe a bindigar biki, kuma ba bindigar da za ta tashi sai na gwada ta. Maƙeri ya yi mini sanda ta musamman, ya yi mata zane. In albarushi da tsumma ne kaɗai a ciki, sandar za ta nutse har zanen. In zanen ya tsaya a waje, akwai ƙarfe, mai bindiga ya koma gida ba tuwo. A shekarar farko na kori mutum huɗu, har da ɗan dagacin. Daga baya ma mutane suka fara cewa ba sa son harbin gaba ɗaya, a bar shi da guɗa da addu'a.

Lokacin da aka zo ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, gari ya yi haramar tafiya taro Dutse. Samari suka hau babbar mota, na hango bakin bindigogi na leƙowa ta sama, wai za su yi murna. Na je na tsaya a gaban motar. Direba ya yi ta hon, ban motsa ba. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, ai sama za mu harba." Na ce, "Ni ma sama na harba." Na buɗe kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko da su, Maƙeri ya kulle su a maƙera, sannan na matsa. Suka je suka dawo, kowa da ƙafarsa.

Waƙar da na ji tsoro, an yi ta. Shekara da shekaru mata na daka da sunana, yara na ce mini Mai Saiti. Ban mutu ba. Hannun hagu ba ya wuce ƙirji, ko a kabbarar salla nan yake tsayawa, in damina ta zo kuma ƙashin na gaya mini kafin hadari ya haɗu. Amma abokina a gidansa ya tsufa, shi ya aurar da 'ya'yansa, kuma har gobe in na zauna a maƙera sai ya tambaye ni albasarsa.

Abin da ya sa na rubuta wannan, ina jin yanzu ana harbi sama a bukukuwa da bindigogin da adakarmu ba ta kai ƙafarsu ba. Mai harbin yana ganin sama fili ce. Ƙarƙashinta kuwa mutane ne, kuma mafi kusa da kai a wurin biki naka ne.

Uku na harba. Ɗaya yana cikin kwalba a ɗakina. Ɗaya Maƙeri ya ajiye a kan uwar maƙera, yana nuna wa duk wanda ya kawo gyaran bindiga. Na ukun mun neme shi har muka gaji, ba mu gan shi ba. Na dai san ya sauko, kuma ƙofar gidan cike take da mutane a ranar. Allah ya tsallakar da shi. Ban ƙara yin irin wannan gangancin ba, kuma tun daga ranar ba a ƙara ɗaukar kowa cikin jini daga wurin biki a garinmu ba.